Waken Soya, Wake da Gyaɗa a Gidan da Barasa ta Taɓa Hanta: Bayani ga Malaman Gona da Manoman Kudancin Kaduna

Gabatarwa

A wani taron koyar da sarrafa waken soya da muka yi a wani ƙauye kusa da Zonkwa, bayan an gama nuna yadda ake yin madara da awara, wani dattijo ya ja ni gefe ya tambaye ni ko gaskiya ne wanda yake cin awara kullum giya ba za ta taɓa masa hanta ba. Ya ce haka ya ji ana faɗa a kasuwa. Na ce masa, "Baba, ba haka ba ne," na yi masa ɗan bayani a tsaye, muka rabu. Amma tambayar ta zauna mini a rai, domin akwai ɓurɓushin gaskiya a cikin jita-jitar, kuma irin wannan ce ta fi wuyar kawarwa. Malamin gona ba likita ba ne. Sai dai shi ne ma'aikacin da ya fi kowa shiga gidajen manoma, shi ne kuma yake kawo musu irin waken soya yana yabonsa, don haka shi za a tambaya. An rubuta wannan ƙasida ne domin ya sami abin faɗa wanda ba zai cuci kowa ba.

Amsar a dunƙule ita ce: furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a waken soya, wake, gyaɗa, gurjiya da riɗi, abinci ne da mai ciwon hanta yake matuƙar buƙata, wani lokaci ma ya fi nama dacewa da shi. Amma ba ya kare hanta daga barasa. Idan kuwa amfanin gonar ya yi fumfuna, to ƙara wa hantar ciwo zai yi.

Abin da barasa ke yi wa hanta

Hantar babban mutum tana da nauyin kusan kilo ɗaya da rabi. Ita ce take karɓar duk abin da hanji ya tsotsa daga abinci, ta ajiye wani, ta sarrafa wani, ta kuma kashe dafin abin da zai cutar da jiki. Ita ce take ƙera furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, da wanda ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Kimanin kashi 90 cikin 100 na barasar da mutum ya sha a hanta ake narkar da ita, kuma a matakin farko na narkarwar barasa tana rikiɗa ta zama wani sinadari mai suna asetaldihaid, wanda ya fi ita kanta dafi. Hanta ba ta da gaggawa a wannan aiki: abin da take iya kawarwa bai wuce giram 7 zuwa 10 na barasa a awa ɗaya ba.

Yana da kyau malamin gona ya iya wannan lissafi. Giyar burukutu tana ɗauke da barasa kashi 3 zuwa 6 cikin 100, gwargwadon kwanakin da ta yi. Idan muka ɗauki kashi 4, lita ɗaya tana da barasa kusan giram 32, aikin awa uku zuwa huɗu ke nan ga hanta. Wanda ya sha lita uku a ranar kasuwa ko wurin gayya, hantarsa za ta kwana tana aiki. Ogogoro kuwa yakan kai kashi 30 zuwa 60. Wani bincike da aka yi a arewacin Italiya, aka buga a 1997, ya nuna cewa haɗarin lalacewar hanta yana fara hawa ne daga giram 30 a rana, wato lita ɗaya tak ta burukutu idan kullum ne. Mata sun fi maza saurin kamuwa ko da abin da suka sha bai kai na maza ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 da shan barasa.

Lalacewar tana tafiya ne mataki-mataki. Da farko kitse ne yake taruwa a hanta. Wannan yana samun kusan duk mai sha da yawa, ba ya ciwo, kuma yana bajewa cikin 'yan makonni idan aka daina sha. Idan aka ci gaba, hanta takan kumbura, ido ya yi rawaya, zazzaɓi ya zo. Wannan mataki shi kaɗai yana iya kisa. Na ƙarshe shi ne ƙandarewar hanta, inda tabo yake maye gurbin naman hanta mai aiki har ta motse ta yi tauri. Kimanin mutum 10 zuwa 20 cikin 100 na masu sha da yawa shekara da shekaru ne suke kaiwa nan. Tabon da ya kafu ba ya komawa yadda yake, amma wanda ya daina sha ko a wannan mataki yakan ƙara shekaru masu yawa a kan wanda bai daina ba.

A nan ya kamata a ambaci tukunyar dahuwa. A kudancin Afirka likitoci sun daɗe da gano cewa giyar gargajiya da ake dafawa a cikin durom na ƙarfe tana kwasar ƙarfe mai yawa saboda tsaminta, ƙarfen kuma yana taruwa a hanta ya ƙara mata lahani. Da yake durom ya maye gurbin tukunyar ƙasa a gidajen dahuwa da yawa a wajenmu, abin lura ne.

Dalilin da ya sa abinci ba garkuwa ba ne

Tunanin dattijon nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 likitocin Turai da Amurka da yawa sun ɗauka cewa rashin cin abinci mai kyau ne yake lalata hantar mashayi, ba barasar kanta ba. Wani likita mai suna Charles Lieber, a birnin New York, shi ne ya rushe wannan zato. A shekarun 1970 ya ciyar da birai, irin da muke kira bika ko gwaggon biri, da abinci cikakke mai isasshen furotin da bitamin, amma rabin ƙarfin abincin daga barasa yake fitowa. Duk da kyawun abincin, kitse ya taru a hantarsu, wasu kuma hantar ta ƙandare kamar ta mutum.

Labarin bai tsaya nan ba, kuma sauran nasa ya shafi waken soya kai tsaye. Daga baya Lieber ya ƙara wa biran wani sinadarin maiƙo da ake tatsa daga waken soya, sai ya ga waɗanda suka samu hantarsu ba ta ƙandare ba. An yi murna ƙwarai. Sai aka gwada shi a jikin mutane 789 masu shan barasa a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, tsawon shekara biyu, rabi suna shan sinadarin, rabi suna shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon da aka buga a 2003 bai nuna bambanci tsakanin rukunan biyu ba. Abin da aka lura da shi shi ne yawancin mutanen sun rage sha sosai saboda kulawar da ake yi musu, kuma a rukunan biyu ciwon bai yi gaba sosai ba. Ashe rage shan ne ya yi aiki.

Har yanzu ana buga sakamakon gwaje-gwaje da ke nuna cewa gutsattsarin furotin da aka ciro daga masara, waken soya da wasu tsirrai suna rage lahanin barasa a hantar ɓeraye. Bincike ne na gaske kuma yana da amfaninsa a ɗakin gwaji. Amma ɓera ba manomi ba ne, kuma mun ga yadda abin da ya yi aiki a jikin biri, wanda ya fi ɓera kusa da mutum, ya kasa a asibiti. Daga irin waɗannan rahotanni ne masu tallar garin magani suke samun abin faɗa. A ganina duk malamin gonar da ya bari manomi ya tafi da tunanin cewa waken soya lasisin sha ne, ya ɓata aikin da ya zo yi.

Inda furotin yake da amfani na gaske

Mai shan barasa da yawa kusan kullum yana cikin yunwar da bai sani ba. Kowane giram na barasa yana ba da kalori 7, don haka lita uku ta burukutu tana ba da kusan kalori 670 daga barasa kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mai aikin gona yake buƙata a yini. Ciki ya cika, jiki ya ji ɗumi, sha'awar tuwo ta tafi. Masu cewa burukutu abinci ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin akwai ɗan furotin da bitamin a ciki. Sai dai kaso mai yawa na furotin ɗin dawar yana tafiya ne cikin dusar da aka tace, ita kuwa aladu ake ba. Wanda ya san kasuwar aladu ta Katsit ya san cewa dusar ba ta ɓata a banza ba, amma ba cikin mai shan ta shiga ba. Ga shi kuma barasa tana hana hanji tsotsar bitamin B1 da wasu sinadarai yadda ya kamata.

Idan hanta ta ƙandare, matsalar takan ninka. Lafiyayyar hanta tana ajiye sukari domin jiki ya ci cikin dare. Ƙandararriya ba ta da wurin ajiya, don haka kwana ɗaya ba abinci a wurin mai ita daidai yake da yunwar kwana biyu zuwa uku a wurin mai lafiya. Jiki sai ya koma cin tsokarsa. Shi ya sa ake ganin majiyyaci ciki ya kumbura da ruwa, hannuwa da cinyoyi sun zama kamar kara. Wannan rama ba ƙaramin abu ba ce, domin tsoka ita ce take taimakon hanta wajen kwashe amoniya daga jini.

Manoma sun san takin yuriya. Hanta ma yuriya take yi: tana karɓar amoniyar da ke fitowa daga narkewar furotin a hanji, ta mayar da ita yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari. Idan hanta ta gaza, amoniya takan hau ƙwaƙwalwa, majiyyaci ya riƙa barci da rana yana farke da dare, ya ruɗe, hannunsa na karkarwa, har ya suma. Saboda tsoron wannan ne a da ake hana masu ciwon hanta nama, ƙwai da wake, kuma har gobe a ƙauyukanmu za ka tarar an bar majiyyaci da koko tsararo. Wani gwaji da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifen, aka buga a 2004, ya nuna cewa hana furotin ba ya sa ruɗewar ta yi sauƙi, illa dai ya ƙara cinye tsoka. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanta ta Turai ta fitar a 2018 ta ce mai ƙandararriyar hanta ya sami furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, alhali mai lafiya giram 0.8 ya ishe shi. Ta kuma ce wanda nama yake tayar masa da ruɗewa a mayar da shi kan furotin na tsirrai da na madara.

Ga ɓurɓushin gaskiyar da na ambata. Wake da danginsa suna da dusar da ciki ba ya narkarwa, wadda ke sa bayan gida ya fita a kan kari, ta kuma sa babban hanji ya yi ɗan tsami, amoniya ta fita ta can maimakon ta shiga jini. Wannan taimako ne ga wanda ya riga ya daina sha yana jinya. Ba magani ba ne ga wanda yake kan sha.

Abin da ke gonakinmu

Kudancin Kaduna ba baƙon waken soya ba ne. Yankin Zonkwa yana cikin wuraren farko da aka noma shi domin sayarwa a Nijeriya, tare da ƙasar Tibi, kuma matan Kafanchan sun yi suna tun shekarun 1980 wajen yin daddawa da shi a madadin kalwa, ana ɗauka zuwa kasuwannin Arewa. Abin da ya rage shi ne a ci shi a gida da yawan da zai yi amfani, domin daddawa ɗanɗano ce, ba a cin ta da yawa.

A cikin giram 100 na busasshiyar ƙwaya, waken soya yana da furotin giram 38 zuwa 40, gyaɗa kusan 25, wake 23 zuwa 25, gurjiya da riɗi 18 zuwa 20. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita, tunda an matse mai. Dawa tana da 10 zuwa 11, masara kusan 9, acca 7 zuwa 8. Ɗanyar doya ba ta wuce 2 ba, rogo bai ma kai haka ba.

Mu ɗauki majiyyaci mai nauyin kilo 60. Yana buƙatar furotin giram 72 zuwa 90 a rana. Da doya kaɗai sai ya ci fiye da kilo uku da rabi, abin da ba zai yiwu ba ga mai kumburin ciki. Amma wake giram 100, wato gwangwanin madara bai cika ba, zai ba shi 24. Garin waken soya giram 50 zai ba shi kusan 20. Gyaɗa giram 50 za ta ba shi kusan 13. Garin dawa ko masara giram 300 na tuwo da kunu zai ba shi kusan 30. Jimla ta haura 80, ba a sayi nama ko tsoka ɗaya ba. Idan akwai ƙwai, kifi ko nono a ƙara, ba a hana shi ba sai likita ya ce.

Haɗa hatsi da wake yana da dalili. Furotin gini ne da tubala iri-iri. Hatsi yana da ƙarancin tubali mai suna laisin, wanda wake yake da shi da yawa. Wake kuma yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi yake da shi, musamman acca, haka ma riɗi. Paten acca da wake ko da gyaɗa, wanda iyayenmu mata a Kagoro, Kwoi da Gwantu suke yi tun ba a san sunayen nan ba, haɗi ne da masanin abinci ba shi da abin gyarawa a cikinsa. Domin tuwo da kunu, a haɗa mudu ɗaya na garin waken soya da mudu uku na garin masara ko dawa. Wannan yana ɗaga furotin daga kusan kashi 9 zuwa fiye da 16, kuma tuwon ba ya sauya kama sosai.

Sarrafawa da ciyarwa

Ba a cin waken soya ɗanye ko wanda bai dahu ba, domin yana da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin, zafi ne kawai yake kashe shi. A tsince, a zuba busasshen waken cikin ruwan da ya riga ya tafasa, a bar shi minti 20 zuwa 30, a tsame, a murje ɓawon, a shanya a kan tabarma ko tampol har ya bushe ƙarau, sannan a kai niƙa. Zuba shi cikin tafasasshen ruwa tun yana busasshe shi ne yake hana ƙarnin da ke sa mutane su ƙi shi. Awara a haɗa ta da ruwan tsami ko tsamiya. Ga majiyyaci an fi so a dafa ta cikin miya maimakon a soya ta cikin man da aka yi ta maimaitawa.

Kada a tara masa abinci sau biyu a rana. A raba kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, a tabbata ya karya da wuri, kuma, wannan shi ne abin da aka fi mantawa, a ba shi wani abu dab da kwanciya: kofin kunun gyaɗa, kunun acca da garin soya, ko alale. Wannan ɗan abincin dare yana rage awannin da jiki yake cin tsokarsa. Idan wake yana kumbura masa ciki a fara da kaɗan, a surfe ɓawon, ko a ba shi awara da alale waɗanda suka fi sauƙin narkewa.

Wanda ruwa ya taru masa a ciki ko ƙafa dole a rage masa gishiri, kada ya wuce kimanin giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Mata da yawa ba su san cewa kanwa ma tana da sinadarin da ake gudu a gishiri ba. A jiƙa wake ya kwana maimakon a jefa masa kanwa, a nemi ɗanɗano wurin daddawar da ba a sa wa gishiri ba, albasa, citta da tafarnuwa. Wanda aka ce ƙodarsa ma ta taɓu, likita ne zai faɗi yawan furotin ɗin da zai ci, ba wannan lissafi ba.

Fumfuna: inda aikin malamin gona yake

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne a kan tsabtar ƙwayar. Akwai wata fumfuna mai launin kore-kore da ke zaune a ƙasa, tana kama gyaɗa da masara tun a gona, ta ci gaba da yaɗuwa a rumbu, tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano gubar ne bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 suka rasu. Hanta gubar take nufa. Idan ta yi yawa takan kashe cikin kwanaki, idan kaɗan-kaɗan ce shekara da shekaru takan jawo kansar hanta. Ba ta da ɗanɗano, kuma dahuwa, suya ko tsima giya ba sa kawar da ita.

Akwai abokin tafiyarta na uku. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Masana sun ƙiyasta cewa haɗuwar wannan ƙwaya da afalatoksin tana iya ninka haɗarin kansar hanta har sau 30 a kan na gubar ita kaɗai. A ɗora barasa a kai, hanta ɗaya tana ɗauke da kaya uku.

Yanayinmu yana taimakon fumfuna. Kafanchan tana samun ruwa kusan milimita 1,500 ko fiye a shekara, kuma damina tana kaiwa Oktoba. Gyaɗar da aka shuka da ruwan farko tana nuna ne a tsakiyar damina, lokacin da rana ba ta samuwa. Wani abin da ya fi damuna shi ne al'adar tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar motsattsiya, fasasshiya da mai baƙi-baƙi domin miya, ƙuli-ƙuli da kunun gida. Gubar a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyi ta fi taruwa. Haka kuma hatsin da ya fara lalacewa shi ake turawa gidan dahuwar giya, a kan cewa ai ba ci za a yi ba. Majiyyacin da muka ce a ba shi kunun gyaɗa kowane dare, idan da irin wannan gyaɗa aka dama, gara ma ba a ba shi ba.

Matakan kariya sanannu ne, aiwatarwa ce take wuya. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta a ƙasa tana jiran a gama wani aiki. A kife ta kwanso yana sama domin iska ta ratsa, a tsinke, a shanya a kan tampol ko dandamali, ba a kan ƙasa ko gefen kwalta ba, a kwashe kafin raɓa. Ta bushe har danshinta ya sauka zuwa kashi 8 ko ƙasa, alamar ita ce ƙwaya ta yi ƙara a cikin kwanso idan an girgiza. Kada a yayyafa mata ruwa domin sauƙin ɓarewa. Masara ta sauka zuwa kashi 13. A ajiye buhuna a kan katako, nesa da bango. Abin da aka tsince mai fumfuna a binne ko a ƙone. Kada a ba shanun tatsa, domin gubar tana fita a nono.

Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda aka yi gwajinsa a gonakin manoman Jihar Kaduna kafin a yi masa rajista a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka kashe, aka shafa mata dangin fumfunar nan marasa guba, aka rina ta shuɗi. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da bunu, gyaɗa kuma gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin buhun, lokacin da ƙasa take da danshi. Marasa gubar sai su riga masu gubar kama wuri. Yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye, amma ba ya ɗauke wa manomi shanya da tsincewa.

Wake kuwa matsalarsa maganin ƙwari ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin DDVP da aka samu a cikinsa. Abin da Turawa suka ƙi, mu muke ci, kuma hanta ce take fama da shi. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe iska, ba a sa magani ko kaɗan, muddin waken ya bushe kuma an ɗaure kowane ruɓi daban.

Waken soya ya fi gyaɗa da masara tsira daga wannan guba, wani dalili ke nan na fifita shi a gidan da ake jinya. A wannan yanki a shuka shi daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli domin ya nuna bayan ɗaukewar ruwa. Irin TGx 1448-2E ba ya saurin fashewa a gona, TGx 1835-10E kuma yana nuna da wuri, yana jure cutar tsatsa. Ana buƙatar iri kilo 50 zuwa 70 a hekta da takin supa buhu uku zuwa huɗu, a girbe idan kusan kashi 85 cikin 100 na kwanson ya yi ruwan ƙasa. Yana bar wa masarar baɗi ƙarfin ƙasa, yana kuma rage wuta-wuta. Manoman Kachia, Jaba da Kagarko da annobar citta ta 2023 ta cinye wa gonaki, waɗanda aka shawarta su huta da citta a filayen da cutar ta kama, suna iya sa shi cikin juyin shuka. A ware buhu ɗaya na ci a gida kafin 'yan kasuwa su zo.

Lokacin da za a tura asibiti

Malamin gona ya yi maganar nan da dabara. Shan barasa ba na ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba ne, akwai shi a ƙauye da birni, a fili da ɓoye, kuma mutumin da aka kunyata a gaban jama'a ba zai sake zuwa taro ba. An fi samun nasara ta wajen matan gida da ƙungiyoyinsu, tunda su ne masu dahuwa, su ne masu jinya. Inda ake gayya, ana iya ba mai gona shawara ya fito da kunun gyaɗa ko madarar soya da abinci mai nauyi, domin wanda ba ya son sha ya sami abin riƙewa.

Idan aka ga rawayar ido, kumburin ciki ko ƙafa, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ruɗewa da yawan barci, a kai mutum babban asibiti mafi kusa a ranar, kada a tsaya gwada abinci ko saiwa. Jiƙon magani da ake yi cikin ogogoro barasa ne, ko me aka jiƙa a ciki, kuma ogogoro yana da nasa haɗarin na dabam: a 2015 wanda ya gurɓata da sinadarin metanol ya kashe mutane da dama a Ode-Irele ta Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas. Kada mai ciwon hanta ya sha farasitamol ko maganin ciwon jiki barkatai ba da izinin likita ba. Wanda ya shekara yana sha kullum kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a gida, domin yankewar tana iya kawo karkarwa, gane-gane da farfaɗiya; a asibiti akwai maganin da ake ba shi ya wuce kwanakin farko lafiya. Sauran mutanen gidan su yi gwajin cutar hanta nau'in B, waɗanda ba su da ita su karɓi rigakafi. Allurar tana cikin jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko ana son a yi wa jariri ita cikin awa 24 da haihuwa.